Kashi 25 na kuɗin fansho na neman raba kan ƙungiyarmu, wa ya san dokar?

Baban Ikram:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce da ni, amma sai na yi 'yar shimfiɗa kafin ku gane inda gizo ke saƙar, don haka a yi min haƙuri da tsawo.

Shekara 14 na yi a wani kamfanin robobi a Sharaɗa, nan Kano, ina kan injin da ke buga bokiti da kujera. Ranar ƙarshe ta watan Janairu aka miƙa mana takardar sallama, mu talatin da 'yan kai, wai kuɗin wuta da na dizal sun cinye ribar. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Shekaruna 43, mata ɗaya, 'ya'ya biyar, kuma kuɗin hayata zai ƙare a watan Yuli.

Mu 11 cikin waɗanda aka sallama muka ce maimakon kowa ya kama gabansa, gara mu haɗa ƙarfi. Duk Asabar bayan La'asar muna zama kan tabarma a ƙofar gidan tsohon fomanmu. Abin da muka tsayar shi ne mu sayi injin niƙa roba, mu kama fili a bayan gari, mu riƙa sayen tsofaffin robobi a hannun 'yan jari bola, mu wanke, mu niƙa, mu kai wa kamfanoni. Sana'ar hannunmu ce. Ni ko a duhu ka miƙo min fasasshen bokiti, na lanƙwasa shi na ji ƙararsa, zan gaya maka ko zai narku ko zai ɓata maka buhu guda. Aka yanka wa kowa Naira miliyan ɗaya, kuma dukkanmu mun dogara ne da kashi 25 ɗin nan da aka ce mutum na iya cira daga asusun fanshonsa idan ya rasa aiki. Saƙon ƙarshe da kamfanin fanshona ya turo min ya nuna Naira 6,400,000, ka ga rubu'insa miliyan ɗaya da dubu ɗari shida ke nan. Na ce alhamdu lillahi, na biya kasona, ragowar na kai wa mai gidan haya.

Sai abubuwa suka fara kwaɓewa. Foman namu shekarunsa 52. Ya je ofishin kamfanin fanshonsa aka ce masa shi ba ya cikin masu kashi 25, shi ɗan ritaya ne, lissafinsa daban. Ya dawo yana ta sababi, wai yarinyar da ke kan teburin ce ba ta san aikinta ba. Ƙaramin cikinmu kuma Allah ya ba shi aikin direba a wani kamfani a watan Maris, ya ce mu rufa masa asiri kawai, zai je ya cike takarda a matsayin wanda ba shi da aiki.

Babbar rigimar ta taso ne makon jiya. Wani daga cikinmu ya zo da labarin cewa ya san wani mai hanya da zai fitar wa kowa kuɗinsa gaba ɗaya, ba rubu'i ba, ta hanyar takardar likita, shi kuma a ba shi kashi 10. Kusan rabin tabarmar suka gyara zama. Ma'ajinmu ya ce wallahi damfara ce, kuma duk wanda ya kawo maganar ya san abin da aka yi alkawarin gutsura masa. Wancan ya miƙe tsaye ya kaɗe rigarsa ya ce, "Kai nawa kamfanin fansho ke biyanka kake kare su?" Shayin da aka kawo ko taɓa shi ba a yi ba, haka ya huce. Mutanen nan biyu shekara tara suna cin abincin rana a kwano ɗaya, yanzu ko a masallaci suka haɗu kowa sai ya nemi wani sahun.

Ni kuma da na zauna na duba takardar asusuna layi-layi, sai na ga wata tara na ƙarshe ba a zuba ko kwabo ba, alhali kowane wata ana cira a albashina.

To don Allah wanda ya san dokar nan ya warware min: gaskiya aka gaya wa foman? Akwai hanyar halak da mutum zai kwashe kuɗinsa duka kafin shekara 50? Kuma wata taran nan zai hana a biya ni?

Tsohon Akanta:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya musanya muku da mafi alheri. Na yi shekaru ina haɗa albashi da turawa kamfanonin fansho, bari na faɗa maka abin da na sani.

Dokar da ake aiki da ita ita ce ta gyaran fansho ta 2014, wadda ta maye gurbin ta 2004. Sashe na 7 ne ke magana a kan cirar kuɗi. Wanda ya bar aiki ko aka sallame shi bai kai shekara 50 ba, yana iya neman abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa ba, da sharaɗin ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba. A tsohuwar dokar wata shida ne. Tunda ƙarshen Janairu aka sallame ku, ƙarshen Mayu ƙofarku za ta buɗe. Kuma sau ɗaya ake cin wannan gajiyar. Sauran kashi 75 zai zauna ana juya shi har ka cika 50, kai shekara bakwai ke nan a gaba.

Yarinyar kan tebur ba ta yi wa fomanku ƙarya ba, zomo ne kawai ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Wanda ya haura 50 kuma ba ya aiki, ɗan ritaya ne a idon doka. Za a saka shekarunsa da albashinsa na ƙarshe da abin da ya tara a ma'aunin da hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, ta fitar, a ba shi wani dunƙule, sauran a riƙa biyansa wata-wata. Dunƙulen zai iya fin miliyan ɗaya, zai iya gazawa, ya danganta da abin da ya tara. Shi ma ba ya buƙatar jiran wata huɗu irin naku.

Yaron da ya samu aikin direba, ku gaya masa ya haƙura. Lambar asusun fansho ɗaya ce mutum ke da ita duk rayuwarsa. Ranar da sabon kamfaninsa ya zuba masa kuɗin watan Maris a wannan lambar, asirin da yake so ku rufa ya tonu da kansa.

Maganar takardar likita kuwa, nan nake so ka buɗe kunne. Gaskiya ne doka ta yarda wanda likita ko kwamitin likitoci ya tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba ya taɓa asusunsa kafin 50. Amma ko mai ciwon gaske ba a juye masa kuɗin duka, yadda ake wa ɗan ritaya ake masa: dunƙule, sannan wata-wata. Ka ga ke nan abin da mai hanyar ya yi alkawari ko da takardar gaskiya ba ya samuwa, balle ta jabu. Sannan takardar sallamarku ta ce rage ma'aikata aka yi, ba ta ce ciwo ba. Yawanci irin waɗannan mutanen kuɗin "buɗe fayil" suke nema, da lambar NIN ɗinka da ta BVN, daga nan wayarsu ta daina shiga. Na san za a ce maka ai wane ya karɓi nasa duka. E, ana yi, amma ga ɗan ritayar da abin da ya tara ya yi ƙanƙanta da a raba shi wata-wata. A da iyakar Naira 550,000 ce, daga baya aka sauya ma'aunin. Mai miliyan shida ba ya cikin wannan layin.

Wata tara ɗinka: doka ta ce mai kamfani ya zuba kashi 10, a cire 8 daga albashinka, a tura cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Wanda ya riƙe, akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 na kuɗin ba a kowane wata, kuma asusunka take shiga. Ku rubuta ƙorafi ɗaya, kowa ya sa hannu, ku haɗa da takardun albashinku da na asusu, ku kai ofishin PenCom na shiyya da ke nan Kano. Inda zai iya kawo maka tsaiko shi ne kamfanonin fansho kan nemi wasiƙa daga tsohon wurin aikinka da ke bayyana matsayin abin da aka zuba maka. Fara bin wannan wasiƙar tun yau, kada ka bari sai Mayu.

Ɗan Kwari:

Ni fa wannan dogon bayanin na Akanta haushi yake ba ni. Kuɗin mutum, guminsa, a ce sai ya nemi izini kafin a ɗan tsakura masa rubu'i? Baban Ikram, lokacin da ka fara zubi dala ba ta kai Naira 170 ba. A 2024 ta haura 1,500. Hukumar ƙididdiga da bakinta ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Wace riba kamfanin fansho ya ba ka da ta kamo wannan? Miliyan huɗu da dubu ɗari takwas ɗin da za su riƙe maka, nan da shekara bakwai Allah kaɗai ya san buhun shinkafa nawa za ta saya. Kuma fiye da rabin kuɗin fanshon ƙasar nan gwamnati ake ranta wa. Me ya sa aka cire sojoji da jami'an leƙen asiri daga tsarin? Me ya sa 'yan sanda ke ta zanga-zangar a fitar da su? In da daɗi ai ba za su gudu ba.

Ban ce ka yi takardar jabu ba. Amma wanda ma'ajinku ya kira ɗan damfara, ni ban ga laifinsa ba don ya nemi hanya. Yunwa ce. Su masu kare tsarin nan galibi ba su taɓa kwana da tunanin kuɗin haya ba.

Tsohon Akanta:

Alhaji Ɗan Kwari, ban kare kowa ba, mutum ya tambayi abin da doka ta ce na gaya masa. Maganarka ta hauhawar farashi gaskiya ce, ni kaina fanshon da nake karɓa yau bai kai cefanen mako biyu ba, kuma haya nake har yanzu, tunda ka kawo zancen. Amma haushin doka ba ya buɗe asusu. In ana so a ƙara kason, majalisa ce za ta gyara, ba wani mai jaka a bakin ofis ba. Kuma ka tuna irin wannan zafin ne ya kai mutane MMM, damfarar nan ta zuba kuɗi a ninka maka, ta rufe da kuɗinsu a Disambar 2016, ya sake kai wasu irinta, CBEX, ita ma ta rufe a Afrilun 2025. Kowannensu da "kuɗina na narkewa" ya fara.

Ɗan Kwari:

To Malam Akanta, na ji. Allah ya huci zuciyarka, ban san kai ma ɗan haya ba ne. Amma ina nan kan bakana, rubu'i zalunci ne.

Maman Sadik:

Baban Ikram sannu da ƙoƙari. Ni ba masaniyar doka ba ce, abin da ya faru da ni zan faɗa maka.

Maigidana ya rasu shekara uku da suka wuce yana cikin aiki. Da muka je neman haƙƙinsa, abin da ya tsayar da mu kusan shekara ba wani babban abu ba ne, suna ne. A takardar fansho an rubuta Muhammad, a katin ɗan ƙasa Mohammed, a banki kuma sunan mahaifinsa ne a gaba. Ranar haihuwa ma biyu ce, ɗaya ta makaranta ɗaya ta rantsuwar kotu. Ga takardar izinin rabon gado da sai da muka bi kotu kafin ta fito. Ina goye da yaro nake hawa benen ofishin nan, har mai gadin ya san ni, in ya hango ni sai ya jawo min kujera. Saboda haka kafin ƙarshen Mayu, ka ɗauki katin NIN ɗinka da takardar haihuwa ka je ka tabbatar komai ya zo ɗaya. Duk wanda ya buɗe asusu kafin Yulin 2019 sai an sake ɗaukar bayanansa kafin a biya shi ko sisi, kai da ka shekara 14 kana ciki. Ka duba sunan magajin da ka rubuta tun kana saurayi, wataƙila har yanzu sunan wani yayanka ne.

Fomanku kuma ku gaya masa ya nutsu wajen zaɓi, don hanya biyu za a shimfiɗa masa. Ko ya bar ragowar a kamfanin fansho suna biyansa wata-wata, in ya rasu abin da ya saura na magada ne. Ko ya miƙa wa kamfanin inshora su biya shi har ƙarshen ransa, amma in ya wuce shekara goma yana karɓa sannan ya rasu, magada ba su da komai. Kuma wanda ya shiga inshora ba ya dawowa. Mai iyali da yawa ya kamata ya yi shawara da gida kafin ya sa hannu.

Sai maganar ƙungiyarku, ka yi haƙuri zan faɗa maka gaskiya. Ba mai hanyar nan ne ya raba ku ba. Kun yanka wa kowa miliyan ɗaya kamar kuɗin na cikin aljihunku, alhali kowa da abin da ya tara, kowa da shekarunsa. Wanda rubu'insa dubu ɗari huɗu ne fa, ya zai yi? Kunya ba za ta bar shi ya faɗa a gaban mutane ba, sai ya kama duk igiyar da aka miƙo masa. Ka bincika, zan yi mamaki in wanda ya kawo zancen likitan ba shi ne mai ƙaramin asusu a cikinku ba. Mu a ƙungiyarmu ta mata masu ƙuli da man gyaɗa hannu-hannu muka yi, mai hannu ɗaya da mai biyar, riba gwargwadon hannunka, kuma a rubuce, da shaidu.

Abu Ammar:

Ƙarin bayani kaɗan ga mai tambaya. Tunda kashi 75 zai zauna dole, ka san inda yake kwana. Tun 2018 aka karkasa asusun gida-gida, wanda bai kai 50 ba kuma bai zaɓa ba yana Asusu na Biyu, inda ake saka kuɗi har da takardun bashi masu kuɗin ruwa. Akwai Asusu na Shida da aka buɗe a 2021 wanda ba ya mu'amala da riba, irin su sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci, ake saka kuɗin. Takarda kawai za ka cike a mayar da kai. In kuma kamfanin fanshon ne ba ka jin daɗinsa, tun Nuwambar 2020 an ba da damar sauya kamfani sau ɗaya a shekara, kyauta. Sai dai ni a ganina ka bari a biya ka rubu'in tukuna kafin ka motsa komai, kada fayil ɗinka ya rataye tsakanin ofis biyu.

Baban Ikram:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na jinkirta amsa ne don ina so na je na gani da idona.

Ranar Talata na je ofishin kamfanin fanshona. Hajiya Maman Sadik, kamar kina wurin. Shekarar haihuwata a wurinsu 1981, a NIN 1982, kuma magajin da na rubuta mahaifina ne, Allah ya jiƙansa, shekara shida da rasuwa. An ɗauki hotona da yatsuna, an ce na kawo takardar haihuwa a daidaita. Da sai ƙarshen Mayu na je da na sha mamaki.

Na yi lissafin wata taran kuma. Dubu 27 ne a wata, ya kama Naira 243,000, rubu'insa dubu sittin da 'yan kai. Ba zan tsaya jiran wannan ba alhali mai gidan haya na jirana, amma ba zan yafe ba. Mu 19 muka sa hannu a takardar ƙorafin, har da waɗanda ba sa cikin ƙungiyar.

Jiya da daddare na je gidan wanda ya kawo zancen mai hanya, ni kaɗai. Muka zauna a soro, ya daɗe yana juya wayarsa kafin ya miƙo min. Abin da ke asusunsa gaba ɗaya miliyan ɗaya da dubu ɗari tara ne, domin ya yi shekaru a matsayin ɗan wucin gadi kafin a tabbatar da shi, lokacin ba a zuba masa komai. Rubu'insa bai kai dubu ɗari biyar ba. Kuma ya riga ya ba mutumin Naira dubu 35 na buɗe fayil, da kwafin katinsa. Na ce gobe da sassafe mu je bankinsa da ofishin fanshonsa a sanar da su. Ya roƙe ni kada ma'aji ya ji zancen dubu 35 ɗin, na yi masa alkawari.

Ranar Asabar zan kawo shawarar a koma hannu-hannu, dubu ɗari kowane hannu. Matsalar ita ce in aka yi haka kuɗin da za mu tara ba zai kai injin da janareta ba, sai dai injin kaɗai mu nemi inda ake da wuta mu yi haya. Foman ya ce shi ba zai sa ko sisi ba sai ya ga dunƙulensa a hannu, kuma ma'aji har yanzu ya ce ba zai zauna tabarma ɗaya da mutumin ba sai ya janye maganar "nawa ake biyanka" a gaban kowa.

Malam Akanta, tambaya ɗaya ta rage. In kamfanin ya ƙi ba mu wasiƙar nan, tunda bayar da ita tamkar amsa laifin wata tara ne, takardar sallama da ta albashi za su wadatar, ko sai mun jira PenCom ta taɓa su?